Gidan Niƙa a Bisa Kogi: Tsohon Gini, Sabon Aiki

Darasi don cibiyoyin yaƙi da jahilci na gundumar Gaya

Duk wanda ya kwana a Gaya ya san ƙara iri biyu. Da asuba akwai ƙarar taɓarya cikin turmi. Da hantsi akwai ƙarar injin niƙa a bakin kasuwa. Taɓarya ƙarfin mace take ci. Inji kuwa gazuwal yake sha, ko wutar lantarki. Ga kuma kogin Kwara yana wucewa ta gefen gari dare da rana, ba ya gajiya, ba ya neman lada.

A wasu ƙasashe mutane sun ɗora wa kogi aikin niƙa. Sun gina ɗaki a bakin ruwa ko a bisansa. Ruwa yana juya dutse, dutse yana niƙa hatsi. Shi ake kira gidan niƙa na ruwa. Darasin yau a kan ɗaya daga cikin irin waɗannan gidaje ne. Yana ƙasar Faransa, a wani gari mai suna Nuwaziyel. An gama gininsa a 1872. Ya daina niƙa tuni, amma bai faɗi ba, ba a kuma rushe shi ba. An ba shi wani aiki.

Mai karatu zai ce, me ya haɗa manomin Gaya da ginin Faransa? Tambaya ɗaya ce ta haɗa su, kuma tana nan a kowane gari. In gini ya tsufa, aikin da aka gina shi dominsa ya ƙare, me za a yi da shi?

Yadda ruwa yake niƙa

Kowace mace ta san dutsen niƙa. Akwai babban dutse a ƙasa, akwai ɗansa a hannu. Ana zuba tsaba, ana gurzawa, gari yana fita. A gidan niƙa na ruwa ma duwatsu biyu ne, sai dai manya ne, kewayayyu kamar faifai. Na ƙasa ba ya motsi. Na sama shi ke juyawa. Akwai rami a tsakiyarsa, ta nan tsaba take sauka. An sassaƙa ƴan hanyoyi a fuskar duwatsun, su ke tura gari zuwa baki.

Abin da ke juya dutsen sama wani babban gargare ne na katako da aka kafa cikin ruwa. An jera masa alluna kewaye, kowanne kamar filafilin jirgi. Ruwa ya bugi allo ɗaya, gargare ya motsa, wani allon ya shigo, ruwa ya buge shi. Haka zai yi ta juyawa muddin ruwa yana gudu. Wata doguwar sanda mai kauri ta ratsa cibiyar gargaren ta shiga cikin ɗaki. A can ta haɗu da wasu faya-fayai masu haƙora. Haƙoran wannan suna shiga tsakanin na wancan, har juyin ya kai ga dutse.

Wanda ya taɓa ganin aikin mazarƙwaila a ƙasar Zazzau zai gane da sauri. A can doki yana zagaye yana jan itace, ƙarafa suna matse rake. Aikin da doki yake yi a can, shi ruwa yake yi a nan.

Abu biyu ne ke ba ruwa ƙarfi: yawansa, da tsawon wurin da yake faɗowa. Saboda haka ake yin ƴar madatsa a gaban gidan niƙa, domin ruwa ya taru ya hau kafin ya zubo. Ana kuma sa ƙofa. In an buɗe ta, aiki ya tashi. In an rufe ta, aiki ya tsaya.

Wannan dabara ta haura shekara 2,000 a duniya. Ba ta Turawa kaɗai ba ce. Wani matafiyi mai suna Hasan al-Wazzan, wanda aka buga littafinsa a 1550, ya ba da labarin Agadas da Gobir da Katsina da Kano. Shi ne kuma ya rubuta cewa a birnin Fas na ƙasar Maroko akwai ɗaruruwan gidajen niƙa, ruwan kogin da ya ratsa birnin ne ke juya su.

Don me ba a yi irinsa a Gaya ba?

Kwara tana da ruwa mai yawa, amma ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce. Ruwan ba ya faɗowa daga tudu, tafiya yake a hankali. Kogin kuma yana da faɗi ƙwarai, ga shi ba ya tsayawa a matsayi ɗaya. Yakan cika da jan ruwan damina wajen Agusta da Satumba. Ya sāke cika a lokacin sanyi da ruwan da ya taso daga ƙasar Gine. Da bazara ya janye. Gargaren da aka kafa a bakin ruwa da damina, bisa yashi zai sami kansa da bazara. Koramu kuwa ƙafewa suke da rani.

Duk da haka ƙarfin Kwara bai tafi a banza ba. A 1968 aka gama madatsar Kainji a Najeriya, can ƙasa da Gaya a kan kogin. A wurin ruwa yana juya turbin. Turbin farfela ce ta ƙarfe da ke cikin ruwa gaba ɗayanta, jikanyar gargaren katako ce. Ita ke ba da wutar lantarki. A 1976 aka ja layin wuta daga Birnin Kebbi, ta Doso, zuwa Yamai. A riƙe wannan kalma ta turbin, za a sāke gamuwa da ita.

Labarin gidan niƙan Nuwaziyel

Nuwaziyel yana gabas da birnin Paris, tazarar kamar kilomita 20, a bakin wani kogi mai suna Marn. Tun ɗaruruwan shekaru akwai gidan niƙan alkama a wurin. A 1825 wani mai haɗa magunguna ya karɓi gidan. Sunansa Menier, ana faɗinsa Meniye. Ya riƙa niƙa sassaƙe da saiwoyi da sauran kayan magani. Yana kuma niƙa kakawo.

Kakawo ba kokon gero ba ne. Ƙwarar wani icce ne da ke fita a kurmi. Ƴan ci-ranin da suka je Gana da Kwaddibuwa sun san gonakinsa, domin ƙasashen nan biyu su ne gaba a duniya wajen nomansa. Ana soya ƙwarar, a niƙe ta, a haɗa da sukari, ta zama shokola, wanda wasu ke kira cakulan. A zamanin Menier ana ɗaukar shokola kamar magani mai ƙara ƙarfi. A 1836 ya fara sayar da shi a dunƙule, naɗe cikin takarda. Kasuwa ta buɗe.

Da ya rasu a 1853, ɗansa Émile ya gaje shi. Shi ne ya faɗaɗa aikin, har ya buɗe gonakin kakawo a ƙasar Nikaraguwa. Tsohon gidan niƙan, wanda aka yi da katako, ya yi wa aikin kaɗan. Sai Émile ya kira wani mai zanen gini, Jules Saulnier, ana faɗin sunansa Soniye. Ya zana sabon gidan a 1869. Yaƙin Faransa da Jamus na 1870 ya kawo jinkiri. A 1872 gini ya kammala.

Matsalar da ta fuskanci magini

Saulnier ya tarar da matsala uku. Ta farko, dole ginin ya tsaya a bisa ruwa, domin a nan ƙarfin yake. In ya yi nauyi da yawa, ƙafafunsa za su nutse cikin laka. Ta biyu, injunan niƙa suna girgiza dare da rana. Girgiza tana tsaga bangon dutse da na bulo. Ta uku, katako yana ruɓewa kusa da ruwa, kuma wuta tana cinsa.

Ana bukatar gini marar nauyi, mai jure girgiza, wanda ba na katako ba. Ga yadda ya yi. Za a fi ganewa in an ɗauki ginin kamar jikin dabba, mai ƙafafu da ƙashi da fata.

Ƙafafu

Ginin yana tsaye bisa manyan ginshiƙan dutse guda huɗu da ke cikin kogi. Tsakanin ginshiƙai huɗu akwai mashigar ruwa uku. A cikinsu aka sa turbin maimakon gargaren katako. Ruwa yana shiga ta ƙarƙashin ginin, ya juya turbin, ya fita ta ɗaya gefen. Sandunan ƙarfe suna ɗaukar juyin su hau da shi zuwa benaye, inda injuna suke.

Mutumin Gaya ya san irin wannan tsayuwa. Gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil, wadda aka gina a 1958, bisa ginshiƙai take, ruwa yana bi ta tsakaninsu. Rumbu ma haka ne. Ana ɗora shi bisa duwatsu domin damshi da gara kada su kai ga hatsi.

Ƙashi

Bisa ginshiƙan aka shimfiɗa manyan ƙarafa dogaye, daga wannan kai zuwa wancan. Tsawon ginin ya haura mita 50. A kan waɗannan ƙarafa aka tayar da ƙashin ginin, duka na ƙarfe. Akwai ƙarafa na tsaye, akwai na kwance, akwai na gicciye da ke sarƙe da juna kamar saƙar raga. An haɗa su da ƙusoshi masu kai biyu, waɗanda ake dasawa suna ja da zafi. In sun huce sai su matse ƙarfen gam.

Ƙarafan gicciye su ne sirrin ginin. Kowa na iya gwadawa a gida. A samo kara huɗu, a ɗaure su baki da baki, su yi kusurwa huɗu. A tura gefe ɗaya da yatsa: za su karkace. A ƙara kara na biyar, a ɗaure shi a gicciye daga wannan kusurwa zuwa waccan. A sāke turawa: ba za su karkace ba. Mai kusurwa huɗu yana goce wa, mai kusurwa uku ba ya gocewa. Saboda haka inji ya yi ta girgiza, ginin yana nan daram.

A ciki ma an yi dabara. Akwai benen da ba shi da ginshiƙi ko ɗaya a tsakiyarsa, domin an rataya abin da ke bisansa ga ƙarafan rufi. Wannan ya ba da fili mai faɗi na jera injuna.

Ana lissafa wannan gini cikin na farko a duniya da ƙashin ƙarfe ya ɗauki nauyinsu duka, kuma ƙashin yana bayyane a waje, kowa yana gani. Ya girmi hasumiyar ƙarfen nan ta Paris, wadda ake kira Eiffel, da aka gama a 1889. Dogayen benayen manyan birane na yau irin wannan hanya suka bi.

Fata da ado

A ginin ƙasa da aka saba, bango shi ke ɗaukar rufi. Shi ya sa ake yi masa gindi mai kauri. A ginin Saulnier ba haka ba ne. Ƙarfe ne ya ɗauki kaya. Bangon siriri ne, na jan bulo, an cike gurbin da ke tsakanin ƙarafa da shi. Aikinsa kare iska da ruwan sama da sanyi kawai. Kamar rumfa ce: dirkoki ke ɗaukar nauyi, zana tana rufe gefe. Ana iya cire zana, rumfa ba za ta faɗi ba. Tun da bango ba ya ɗaukar kaya, an sami damar huda tagogi masu yawa, haske yana shiga ko'ina.

Saulnier bai bar bangon haka nan ba. An jera bulo masu launi dabam dabam, sun yi zane kamar na tabarma. An manna gasasshen yumɓu mai ƙyalli, ɗauke da siffar iccen kakawo da harafin M, farkon sunan mai gidan. Wanda ya san adon da maginan Hausa ke yi a fuskar zaure a Damagaram ko Zariya ya san manufar. Bango yana faɗin ko gidan wane ne, da sana'ar da ake yi a ciki.

Ranar da injuna suka yi shiru

Masana'antar ta bunƙasa har ta shiga sahun mafi girma a duniya wajen yin shokola. Daga 1874 aka fara gina wa ma'aikata unguwa tasu, da gidaje da lakkwal. Amma komai yana da lokacinsa. Bayan yaƙin duniya na biyu kasuwa ta ja baya. Kamfanin ya fita daga hannun zuriyar Menier, ya yi ta sauya hannu. A 1988 ya koma hannun Nestlé, kamfanin da ke yin Maggi da Nido da Nescafé da ake gani a kasuwar Gaya. A farkon shekarun 1990 aka daina yin shokola a Nuwaziyel.

Wannan shi ne lokaci mafi haɗari ga kowane gini. Ɗakin da ba mai shiga, ba mai ganin yoyonsa. Ruwa ya shiga, ƙarfe ya yi tsatsa, ɓarayi su kwashe ƙofofi. Ƙarshenta a ce ya lalace, a kawo motar rusau.

Abu biyu suka ceci gidan niƙan. Na farko doka. Faransa tana da dokar kare gine-ginen tarihi tun 1913. A 1992 aka rubuta gidan niƙan cikin jerin waɗanda dokar ta kare. Ma'anar wannan ita ce, ko mai gidan ba shi da ikon rushe shi ko sāke masa kama sai da izinin hukuma.

Na biyu aiki. Doka tana hana rusau, amma ba ta toshe yoyo. Mai amfani da ɗaki shi ke toshe yoyonsa.

Sabon aiki

Nestlé ya yanke shawarar mayar da wurin babban ofishinsa na ƙasar Faransa. An ba wasu masu zanen gini biyu aikin, Reichen da Robert, ma'aikatan hukumar kayan tarihi suna sa ido. A 1996 wurin ya zama hedkwatar kamfanin, ma'aikata sama da 1,000 suna aiki a harabar.

Ba a taɓa ƙafafun gidan niƙan ba. Ba a yanke ƙashinsa ba. An wanke fuskarsa, an gyara abin da ya lalace da irin kayansa. Inda dā injuna suke, aka sa tebura da kujeru da ɗakunan taro. Da wuri bai isa ba, sai aka yi sababbin gine-gine a gefe. Ba a ɗora wa tsohon ginin kayan da ba nasa ba.

A lura da kyau. Dabarar da ta sa ginin ya jure injuna, ita ce ta sa ya karɓi sabon aiki cikin sauƙi. Benen da ya ɗauki nauyin duwatsun niƙa, tebur ba zai dame shi ba. Fili mai faɗi ana iya raba shi yadda ake so. Tagogin da suka haska wa masu niƙa, su suka haska wa masu rubutu.

A 2020 Nestlé ya tashi daga Nuwaziyel ya koma kusa da Paris. Tambayar ta sāke dawowa, aka fito da shirin mayar da harabar gidajen zama da masaukin baƙi da wuraren koyon sana'a. Ginin da ya niƙa kakawo, ya zama ofis, yana iya zama wani abu kuma. Aiki yana sauyawa, ƙashi yana nan.

Misalai na kusa

Ba sai an je Faransa za a ga haka ba. A Kano akwai Gidan Makama. Tarihi ya nuna an gina shi tun zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Da Turawan Ingila suka ci Kano a 1903 sun yi ofis a ciki. Daga baya aka mayar da shi gidan ajiye kayan tarihi. Ginin ƙasa ne da azara.

A Agadas, gidan da aka gina wa Kawsan, jagoran yaƙi da Faransawa na 1916 zuwa 1917, daga baya an mayar da shi masaukin baƙi. A 2013 hukumar UNESCO ta rubuta tsohon birnin Agadas cikin kayan gadon duniya. A nan jahar Doso akwai fadar Zarmakoy, wadda aka gina a 1904, zamanin Zarmakoy Awta. A 2006 Nijar ta gabatar da ita cikin jerin wuraren da take neman a rubuta.

Nijar ma tana da dokarta, mai lamba 97-022, ta ranar 30 ga Yuni 1997. Ta tanadi a ƙidaya kayan tarihin ƙasa, a rubuta su, a kare su daga ɓarna. Sai dai hukuma ba za ta san zauren da ke wani ƙauye ba, in mutanen ƙauyen ba su faɗa ba.

Abin da gari zai iya yi

A garuruwan gundumar Gaya akwai tsofaffin zauruka da masallatai, da azuzuwan lakkwal da aka bari, da mangazar koperatif da ta zama wurin kwanan awaki. Yankin Gaya ya fi ko'ina a Nijar samun ruwan sama, kusan milimita 800 a shekara. Albarka ce ga gona, amma azaba ce ga bangon ƙasa. Ginin da aka yi watsi da shi a nan ba ya jimawa.

Akwai kuma lissafin kuɗi. Azarar da ke cikin tsohon soro daga giginya ta fito, irin wadda ke Dallol Mawri. Giginya tana ɗaukar shekaru masu yawa kafin ta isa sara, kuma ba a saranta sai da izini. Gara ba ta cin azara mai kyau da sauƙi. Wanda ya bar soro ya rufta ya zubar da dukiyar da kakansa ya tara. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani.

Ga matakai shida.

1. A fara duba ƙafa da ƙashi. A kira tsohon magini ya duba gindin bango, da ginshiƙai, da bakan gizo, da azara. In waɗannan suna da lafiya, ginin yana da sauran rai, ko da fuskarsa ta muni.

2. A yi maganin ruwa kafin komai. A share indararo, a toshe yoyon rufi, a yi yaɓe kafin damina, a yi wa ruwa hanya nesa da gindin bango. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

3. A gyara da irin kayan da aka yi ginin. Mutane da yawa suna shafe bangon ƙasa da siminti, suna zaton sun huta. Siminti ba ya kama ƙasa sosai. In ya tsage, ruwa yana shiga ta bayansa ya kasa fita. Bango ya jiƙe daga ciki ba a gani, wata rana simintin ya ɓalle da bangon tare.

4. A zaɓi aikin da ya dace da ginin. Ɗaki busasshe ya dace da bankin cimaka. Ɗaki mai haske ya dace da ajin yaƙi da jahilci, ko wurin ɗinki, ko wurin taron ƙungiyar mata. Amma kada a kafa injin niƙa cikin tsohon soron ƙasa. Girgizar da ta sa Saulnier ya nemi ƙarfe, ita za ta tsaga soron. Inji a yi masa rumfarsa dabam.

5. In wuri bai isa ba, a ƙara sabon ɗaki a gefe. Kada a fasa ginshiƙi don neman fili.

6. A rubuta tarihin ginin. Wa ya gina shi? Zamanin wane sarki? Wane aiki aka yi a ciki? Dattawan da suka sani suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Wannan aikin ɗaliban yaƙi da jahilci ne. In an rubuta, a kai kwafi ɗaya ofishin magajin gari, domin ya isa ga ma'aikatan al'adu.

Ba kowane tsohon gini ake iya ceta ba. In gindi ya zube, ko azara ta ruɓe, ran mutum ya fi gini. Kada a sa yara karatu a ƙarƙashin rufin da magini bai yarda da shi ba. A irin wannan hali a sauke shi a hankali, a tsince azara mai kyau da ƙyamare, a yi wani aikin da su. Amma shawarar ta zama ta jama'a bayan an duba, ba ta ruwan sama ba.

Sababbin kalmomi

Gargare: babban abu kewayayye da ke juyawa.
Turbin: farfelar ƙarfe da ruwa ke juyawa.
Ƙashin gini: abin da ke ɗaukar nauyin gini, ko ƙarfe, ko azara, ko ginshiƙi.
Kakawo: ƙwarar da ake yin shokola da ita.
Ginin tarihi: ginin da doka ta hana a rushe shi sai da izini.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa biyu ne ke ba ruwa ƙarfin juya gargare?
2. Don me gidan niƙa na ruwa bai dace da bakin Kwara a Gaya ba?
3. Waɗanne matsaloli uku Saulnier ya tarar?
4. Mene ne amfanin ƙarfen gicciye?
5. Abu biyu suka ceci gidan niƙan Nuwaziyel. Mene ne su?
6. Don me ba a son a shafe bangon ƙasa da siminti?

Lissafi

1. An gama gidan niƙan a 1872. Doka ta kare shi a 1992. Shekararsa nawa a lokacin?
2. An gina fadar Zarmakoy a 1904, gadar Gaya a 1958. Wace ce babba, kuma da shekara nawa?
3. Ginshiƙi 4 sun ba da mashigar ruwa 3. Ginshiƙi 9 a jere za su ba da nawa?

Aikin mako

Ɗaliban kowace cibiya su yi gwajin kara biyar a gaban malaminsu. Sa'an nan su zaga gari su ƙidaya tsofaffin gine-ginen da ba a amfani da su. Su zaɓi ɗaya, su auna tsawonsa da faɗinsa, su tambayi dattawa labarinsa, su rubuta shi cikin layi 10. A ƙarshe su rubuta aikin da suke gani ya dace da shi, su karanta wa mai gari da jama'a a dandali, tun damina ba ta faɗi ba.